Gaisuwar Da Ta Karya Ƙafar 'Yar Mutane

Ni tsohuwa ce, ban taɓa zama a aji ba. Wannan ma babbar 'yata ce take rubutawa ina faɗa mata, na kuma hana ta gyara mini magana. A lokacin da abin ya faru, duk layinmu a Unguwar Kanawa an san ni da sa ido. Atamfa nake sayarwa a cikin gida, kuma ba yarinyar da za ta wuce ni ba ta rusuna ba in ƙyale ta. Abu ɗaya ne ya fi ƙarfina, gwiwa. Ta kai ni ga yin sallah a kan kujera, shekara biyu goshina bai taɓa ƙasa ba, kuma wannan ya fi ciwon ci mini rai. Likita ya ce in na rage jiki na ƙarfafa ƙafafun, ana sa ran in koma sujada kamar kowa. Shi ne 'yar tawa ta yi mini rajista a wani gidan motsa jiki na mata zalla a Unguwar Dosa, wanda suke kira jim.

Kafin in fara zuwa ta zaunar da ni, wai za ta koya mini 'yan kalmomin Turanci da ake yi a wurin, da dokokin da aka manna a bango. Ta ce mai koyarwa koci ake ce mata, kuma in mutum ya kama aiki sai ya cika ƙirgensa kafin a yi masa magana, wannan ƙirgen shi ne saiti. Ta ce akwai yadda ake tambayar mutum ko ya gama da inji. A nan na katse ta. Na ce ni da na haifi bakwai na aurar, ba takardar bango ce za ta koya mini zama da mutane ba. Ta ce to Inna, Allah ya ba da haƙuri, ta tashi.

Tun satin farko raina yake ɓaci. In shiga da sallama, ba mai amsawa sai mai shara. Akwai wani keke da ake tuƙawa ba ya zuwa ko'ina, shi aka ce ya dace da gwiwata. Da na iso sai in ɗora mayafina a kansa, yadda muke kama wuri a tafsiri, in tafi in bi kowa da gaisuwa, ina kwana, ya gida, ya yara. In dawo in tarar an ninke mayafin an ajiye gefe, wata ta haye. Kocin, wata yarinya mai Hausa rabi Turanci rabi, ta ce Mama, nan ba a kama wuri, kuma in an sauka a goge zufa da tawul. Na ce mata zufata ta fi ta wasu tsarki. 'Yan matan suka sa mini suna mai unguwa, da na shigo sai in ji ana cewa a gyara ɗankwali, mai unguwa ta iso. Duk da haka gwiwar ta fara sakewa. A wata na biyu har na iya durƙusawa na ɗauki buta ba tare da na dafa bango ba, na fara lissafin ranar da zan jefar da kujerar nan.

Ranar da abin ya faru, wata yarinya ce da na daɗe ina lura da ita. Tana riƙe da ƙarfe mai nauyi a ƙirji, tana tsugunawa tana tashi. Na tsaya a gefenta na gaishe ta, ni babba, shiru. Na sake, shiru. Ga bakinta yana motsi, na ce lallai gunguni take yi mini. Ashe ƙirge take yi, kuma akwai abin jin sauti a kunnenta ƙarƙashin ɗankwali. Zuciya ta ɗebe ni, na kama damtsenta na fizgo don ta dubi fuskata. Ƙarfen ya suɓuce ya sauka a kan ƙafarta. Ƙarar da ta yi har yau tana kunnena.

Ƙashi biyu suka karye. Mai wurin ta kira 'yata ta ce su ba za su iya da Hajiya ba, dokar hana taɓa mai ɗauke da nauyi tana rubuce a bango, kuma an sha faɗa mini da baki. Na buɗe baki zan ce ai yarinyar ce ba ta amsa gaisuwa ba, 'yata ta dube ni, na haɗiye.

Bayan kwana uku na tafi gidan su yarinyar a Kurmin Mashi da lemo da kankana, ina shirin jin baƙar magana. Da na shiga sai yarinyar ta yunƙura da sanda, tana cewa Mama ki yi haƙuri, ba zan iya durƙusawa in gaishe ki ba. Uwarta ta ce ai wannan ko kaza ta gani a tsakar gida sai ta yi mata sannu. Wallahi da zagina suka yi da ya fi mini sauƙi. Muna nan aka kira la'asar, aka kawo mini kujera, aka kawo mata. Muka yi sallah a jere, ni da ciwon da Allah ya ɗora mini, ita da wanda na ɗora mata.

Ban sake zuwa wani jim ba, kunya ta hana ni, gwiwar kuma ta koma gidan jiya. Ina kira ga 'yan uwana tsofaffi da likita zai tura irin wuraren nan: kowace kasuwa da yadda ake cinta. Ku bari 'ya'yanku su karanta muku abin da ke bango, ku koyi 'yan kalmomin ko da bakinku bai iya su da kyau ba, kuma wanda ke ɗauke da nauyi a bar shi ya sauke kafin a nemi gaisuwarsa. Yarinyar ta warke, na ji ta koma sujada tun kafin azumi. Ni har yanzu kujerata tana nan kusa da sallaya.