Na ce wa mai ɗori faɗuwa ta yi

"Faɗuwa ta yi, Baba," na ce wa tsohon mai ɗori a Aliero.

Lokacin muna kwaleji. Hadiza 'yar ajinmu ce. Wanda ya murɗe mata hannun dama kuwa abokina ne Bashir, golanmu. An zura mana ƙwallo uku, ta kira shi rariya a gaban jama'a.

Tsohon ya laluba ƙashin, ya dube ni. "Wagga ba faɗuwa ta ba. Hannun namiji na."

"To ai ita ta fara zaginsa."

"Tun zuwan Nasara gidanmu ka ɗori. Kakana ya ɗora 'yan kokawa, ubana ya ɗora. Ba mu taɓa ɗora wanda zagi yak karya ba. Tai ka kawo abokin naka shi gwada min wurin."

Hadiza ba ta ko kalle ni ba. Gyalenta ta ciza aka ja hannun.

Jiya na hange ta a kasuwar Jega, da hagu ta ɗauki ledar albasa. Na sunkuyar da kai na canja layi.

Bashir ya karya, ni na rufa masa. Jama'a, da wane baki zan nemi gafararta?