Hajiya Dakta Gumsu, Wadda Ta Ƙi Sa Mini Hannu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Asabar, 9 ga Agustan 2025, Allah Ya karɓi ranki, Hajiya Dakta Gumsu Zarami, a gidanki da ke Azare bayan gajeruwar jinya. Ina tsaka da duba marasa lafiya 'yarki Hanan ta kira ni. Na sha kuka, amma da na zauna rubuta wannan sai na riƙa tsintar kaina ina dariya, domin duk abin da na tuno naki da raha a ciki.

Shekarar da na gama sakandare na fara zuwa ɗan asibitinki, ina 'yar Chinade mai rawar kai. Ina neman tallafin karatun likita a Masar, aka ce sai na haɗa da takardar shaida daga likitan da ya san ni. Ni kuwa babu likitan da ya san ko sunana. Na hau acaɓa na zo, na durƙusa na gaishe ki, na miƙa miki biro.

Kika sauke tabarau kika ƙare mini kallo. "Jannatu kika ce? To me zan rubuta, 'yata? In ce mayafinki ya yi kyau? Zo ki zauna da mu tukuna, in san ki."

Na fita ina ƙunƙuni, ga ranar rufe karɓar takardu tana matsowa. Washegari dai na dawo. A ranar aka kawo wani manomi daga Gamawa, gatari ya sare shi a ƙafa, kika ce in riƙe miki auduga. Ban san sanda na zube ba. Na farfaɗo a kan benci, manomin da aka gama yi wa ɗinki yana yi mini sannu. Kika ba ni kunun aya mai sanyi, kika ce ke ma ranar da aka fara nuna muku gawa a makaranta, da takalmi ɗaya kika isa ɗakin kwana.

A wurinki na koyi auna jini, na zama mai yi miki tafinta in matan ruga sun zo da Fillanci. Na ga yadda kike zama daf da tsohuwa ki saurare ta har ta gama, ko da layi ya kai bakin titi.

Da kika rubuta takardar, kika karanta mini ita da kanki, har da batun sumar. Na roƙe ki ki cire. Kika ce, "Kowa zai ce ɗalibarsa haziƙa ce. Ni zan ce tawa ta faɗi, gari na wayewa ta riga ma'aikata zuwa."

Gurbi ya fito, sai Baba, Malam Sha'aban, ya ce nisan ya yi yawa. Cikin damina kika zo Chinade, zanenki duk taɓo. Sai da kika auna jininsa sannan kika ce, "Malam, ni na tsufa. In na ajiye aiki, wa zai riƙa yi maka faɗa a kan gishiri?" Baba ya yi dariya har da tari, ya sa mini albarka.

Ranar sadakar uku na tarar ashe muna da yawa. Ga Dakta Najmuddeen, ga Dijatu ungozoma, ga wasu da ban taɓa gani ba, kowa ta hannunki ya biyo, kowa da labarin yadda kika wana shi. Har Hanan ta share hawaye ta shigo cikin hirar.

Allah Ya jiƙan ki, Hajiya, Ya haskaka makwancinki, Ya sa kowane mara lafiyar da ya warke a hannunmu ya zama ƙari a mizaninki. Hanan da ƙannenta, dangi na Azare da na Borno, Allah Ya ba mu haƙuri, Ya haɗa mu da ita a Aljannar Firdausi. Amin.

Dakta Jannatu Sha'aban Chinade