Furar Goggo a Kasuwar Guci

Aikina a labo, ɗakin gwaje-gwaje na jami'a, a taƙaice, ƙera tarko ne. Ƙwayar sinadari nake ginawa, wadda ido ba ya gani, in yi mata rami daidai girman maganin barci. In maganin ya faɗa ramin, aka haska da wata 'yar fitila ta musamman, sai ta yi kore shar. In babu shi, ba ta nuna komai. Na shafa ta a 'yan takardu, na zo da su da fitilar garinmu Waca lokacin bakansi, wato hutu, don in yi wa mutanen gida burga.

Ranar kasuwar Guci na raka goggona, ƙanwar babana da ta goye ni, mai sayar da fura. Rana ta take, ina wajen masu gyaɗa, sai na ji hayaniya. Wai wani dillalin awaki ya sha furarta, barci ya kwashe shi a gindin itacen bedi, ya farka babu motonsa, babur ɗin da ya zo a kai. Kafin in iso an kewaye ta, ana cewa ƙwaya ta zuba masa, bakinta ɗaya da ɓarayi. Wani har ya ɗauko sanda. Sarkin kasuwa ya ce in gaskiya ba ta fito ba, sai a miƙa ta ga jandarma.

Ni da rawar kai na ce, "Ranka ya daɗe, ina da abin gwadawa."

Fitilar sai da duhu, don haka aka lulluɓe mu da bargo, ni da shi da ƙwaryar. Na tsoma takarda, na haska. Ko ɗigon kore babu. Amma farin ƙyallen da Goggo ke rufe ƙwarya da shi ya ɗauki haske, shuɗi tangararan. Da garin sabulu take wanke shi kullum, sabulun kuwa haka yake yi a ƙarƙashin wannan fitila.

"Ya kama!" in ji sarkin kasuwa, tun yana cikin bargo.

Innalillahi! Kasuwa ta ruɗe. Na yi ta rantsuwa cewa shuɗin na sabulu ne, nawa kore ne, ko rigar sarkin kasuwa na haska haka za ta yi. Ina! Ba mai saurarona. Mai sanda ya matso, Goggo ta durƙushe ta ɗora hannu a ka.

Na ɗaga ƙwaryar na kafa kai, na shanye abin da ya rage. Na ce, "In na yi barci kafin la'asar, ku tafi da mu duka."

Sai da na zauna tsoro ya kama ni. Tarkon nan a ruwa mai tsabta kaɗai na taɓa gwada shi, ban san ko nono yana toshe shi ba. Goggo ba za ta aikata ba, na sani, amma wa ya hana wani ya jefa ƙwaya tana ba da baya? Kuma don Allah, wane ne zai cika ciki da fura da tsakar rana bai ji barci ba? Dillalin ya tsuguna gabana ya zuba mini ido. Hamma ta taso, na danne ta har hawaye suka zubo. Na ciji harshena har na ji gishirin jini.

Da aka kira la'asar na miƙe da ƙafafuna, na yi alwala. Mutane suka watse ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya ce wa Goggo ta yi haƙuri.

A kan amalanke muna komawa, ina jiran ta sa mini albarka. Ta daɗe tana kallon gonakin gero, sannan ta ce, "Ɗan nan, furar da na raine ka da ita, kai ma sai da ka haska kafin ka sha?"