Mai Ɗaki Bai Amsa Ba

Malam Sabo ya rasu.

Da safen nan labarin ya same ni, ina riƙe da kofin koko. Ɗansa Nura ne ya kira, ya ce, "Baba Yohanna, Malam ya cika bayan asuba." Na ce masa to. To ɗin nan kawai bakina ya iya. Kokon yana nan kan tebur har yanzu, ya sandare.

Matasan Gumel da ke bibiyata a nan, kun san shi. Tsohon nan mai farin gemu da ke zama kan benci a ƙofar shagona na kwamfuta, yana kora ku waje ku sake shigowa idan kun faɗo ba sallama. Wasunku sun ɗauka shi ne mai shagon, ni yaronsa ne mai keken guragu. Ban taɓa gyara muku ba, don ba ku yi nisa da gaskiya ba.

Yau zan faɗa muku dalili.

Ni ba haifaffen nan ba ne. Aiki ne ya kawo ni daga duwatsun Filato a shekarun 1990, malamin gona, ni da matata Rahila da 'yarmu Talatu a goye. Muka kama haya a Gumel. Kullum ina kan babur tsakanin ƙauyukan Gagarawa da Sule Tankarkar, ina koya wa jikokin manoman gero yadda ake noman gero, su kuma suna haƙuri da ni.

Malam Sabo maƙwabcinmu ne a lokacin, katanga ɗaya. Tun ranar farko ya raɗa mini suna Ɗan Dutse, bai sake kirana da Yohanna ba sai idan zai yi mini faɗa. Kowace Kirsimeti shi ke yanka mana kaza, wai don kada mu samu hujjar hana shi cinya.

Yana da ɗan shago kusa da tasha inda yake buga wa mutane takardu da tafireta. Wajen ƙarshen shekarun nan sai ya je kasuwar Maigatari ya dawo da tsohuwar kwamfuta da ya saya a hannun wani ɗan Damagaram. Kibod ɗinta na Faransa ne, ka danna wannan harafi wani ya fito. Duk tasha aka yi ta masa dariya, ni ne kan gaba. Shi kuwa Malam taurin kai ne da shi kamar jakin da ya ga gada. Ya yi ta tone-tone a cikinta har ya gano wasu fayil da aka ɓoye, inda aka rubuta wa na'urar yadda za ta yi kowane abu. Ya gyara kibod ɗinsa, ya zo yana mini yanga.

"Ɗan Dutse, duk abin da ka gani a fuskar allon nan, akwai ƙuryar ɗaki a bayansa inda aka tsara shi. Ƙofar ce kawai ba sa nuna wa mutane."

A cikin kwamfutar akwai wani gem, irin wasan nan na kwamfuta, da mai ita na farko ya bari. Kai ne kake tafiya da ƙafarka a wata ƙasa mai kogi da gidaje, dodanni suna bin ka, agogo yana ƙirga maka lokaci. Ranar Asabar idan an kawo wuta mukan zauna mu buga, mu biyu, magidanta da iyali. Dukanmu ba mu iya ba.

Sai na yi hatsari.

Ina dawowa daga wani ƙauye a bayan Sule Tankarkar, yashi ya kwashe tayar gaba. Ban tuna faɗuwar ba. Na dai farka a asibiti a Kano, likita yana tsikarar tafin ƙafata da allura ina kallonsa kamar ƙafar wani yake taɓawa.

Da aka dawo da ni gida na ce wa Rahila ta saki labule. Ba wanda zai gan ni a haka. Ba fasto, ba abokan aiki, ba kowa. Mutumin da ya saba zagaye ƙananan hukumomi biyu kafin azahar, yanzu sai mace ta ɗaga shi ta sa masa fo. Abinci ma na fara ture shi. A raina na gama shawara, daga ɗakin nan sai kabari, kuma ina roƙon Allah kada ya ja abin da nisa.

Mutane suka zo, suka gaji, suka daina.

Malam Sabo bai daina ba. Kullum bayan la'asar sai in ji takalminsa a tsakar gida. Ya tsaya a bayan labule.

"Salamu alaikum."

In yi shiru. Ya jira, ya sake. In yi shiru. Ya yi ta uku. Daga nan sai in ji takalmin yana komawa.

Rahila takan ce, "Haba Malam, ka shiga mana, ai gidanka ne. Labule ne fa kawai."

Shi kuma ya ce, "A'a Maman Talatu. Mai ɗaki bai amsa ba."

Ya taɓa gaya mini tun ina lafiya cewa haka addininsu ya koyar, sallama uku, idan ba a ba ka izini ba ka juya, kuma ba da fushi ba. A lokacin na ɗauka magana ce irin ta malamai. Ashe shi da gaske yake yi. Kowa da ya zo kafin shi sai da ya leƙa, ko ya ɗaga labulen ya ce ai dubiya ba ta neman izini. Shi kaɗai ne ya ci gaba da ɗaukata a matsayin mai ɗaki, ba kayan da aka ajiye a ɗaki ba. Abin ya riƙa ba ni haushi, wallahi, don da ya kutso da na samu wanda zan zaga.

Wata rana sai ga kwamfutar a baro. Ita ce jarinsa, ita ke kawo masa masu takardun kotu da na makaranta. Ya koma kan tsohuwar tafiretarsa. Yana tsaye a bayan labule yana gaya wa Rahila inda za ta soka kowace waya, tana soka wa ba daidai ba, suna ta gardama.

Na yi kwanaki ban kalle ta ba. Amma bango ma gajiya ake da kallonsa. Ran nan aka kawo wuta, na miƙa hannu na kunna. Ko taku goma ban yi ba dodo ya cim mini. Na sake, ya sake kashe ni. Na ce da ƙarfi, ni kaɗai, "Ko a nan ma ba na iya gudu!"

Ashe Malam yana waje. Ya gama sallamarsa uku, ya zauna kan tabarma a inuwar darbejiya yana shan ruwa. Bai yi mini magana ba, tunda ban amsa masa ba. Sai ya ɗaga murya:

"Maman Talatu! Ki gaya wa mai ɗaki ya fita daga gem ɗin, ya buɗe fayil ɗin nan na ƙasa mai gajeren suna. Zai ga layin dodanni, an sa masa ɗaya. Ya goge ya sa sifili."

Rahila tana can madafa tana jajjage, ko jin sa ba ta yi.

Na yi abin da ya ce. Na koma ciki. Shiru. Ba dodo ko ɗaya, sai ciyawa da ƙarar kogi.

Haka muka koma yi. Ni in yi mita ga bango, shi ya ba Maman Talatu saƙo. Na ce agogon nan yana takura mini, ya faɗi layin, na kashe agogo. Na ce yatsuna suna gajiya, muka matso da maɓallan tafiya wuri ɗaya. Na ce wannan farin hayaƙin da ya rufe ko'ina fa, mutum ba ya ganin gabansa? Ya yi tunani, sannan ya ce akwai layin nisan gani, a ƙara masa lamba.

Na ƙara. Hayaƙin ya ja baya.

Jama'a, ashe akwai duwatsu a bayansa. Jere, shuɗaye, wani kan wani, irin waɗanda nake gani daga ƙofar ɗakin mahaifiyata. Tun da na yi hatsari ban yi kuka ba sai ranar. Kwamfutar ta yi nauyi, tana ta gurnani, tafiyar ta koma a hankali a hankali. Na ce abin ya rage gudu. Daga waje na ji an ce, "Maman Talatu, ki tambaye shi, ina yake saurin zuwa?"

Na yi ta yawo a ƙasar nan. Na bi kogi har inda ya ƙare. Na hau dutse na sauko. Na fara cin abinci, don Rahila ta ce in ban ci ba, za ta zare waya.

Saura abu ɗaya. Gidajen. Da ma a jikin dodanni ake samun makullai, mu kuwa mun kore su, saboda haka duk ƙofar da na taɓa sai rubutu ya fito da Turanci cewa a kulle take. Ran nan na gaji na ce, "Wannan wane irin gari ne, kowace ƙofa ka je a rufe?"

Malam ya yi gyaran murya a waje. Ya ce, "Ƙwarai. Akwai irin garin nan."

Washegari ya ce a fito masa da kwamfutar zai kakkaɓe mata ƙura. Ya wuni a kanta a kan tabarma, ya ja waya ta taga, ko shago bai je ba. Da yamma aka dawo mini da ita.

Na kunna, na nufi gidan farko a bakin kogi, na taɓa ƙofa. Rubutu ya fito a ƙasan allo, da Hausa:

"Wa alaikumus salam. Shigo, Ɗan Dutse."

Ƙofar ta buɗe.

Na je ta biyu, haka. Ta uku, haka. Duk garin na zagaye ina taɓa ƙofofi, kowacce tana amsa mini, kowacce tana kiran sunana. Ba komai a cikin ɗakunan, bango ne da ƙasa. Amma na shiga kowanne na tsaya.

Kashegari bayan la'asar takalmi ya zo. Sallama ta farko, na kalli labulen. Ta biyu, na buɗe baki ba abin da ya fito. Ya yi ta uku, na ji ya fara juyawa.

Na ce, "Shigo."

Ya ɗaga labule da hannun dama. Bai kalli ƙafafuna ba. Ya wuce kai tsaye wajen kwamfutarsa ya ce, "Kai Yohanna, miyar kuka ce wannan a kan kibod ɗina?" Ya juya mini baya yana gogewa da bakin rigarsa, ya daɗe yana gogewa. Sai na lura kafaɗunsa suna rawa.

Sauran kun sani. Shi ya kai ni wajen mai walda aka haɗa mini keke. Shi ya fasa dakalin ƙofar shagonsa da na zaurensa ya zuba siminti a kwance don tayata ta wuce, matarsa tana cewa ruwan sama zai shigo, yana cewa ya shigo. A gefensa na koyi aikin da na buɗe shagona a kansa, na ciyar da iyalina da shi har Talatu ta yi aure. 'Yan'uwa sun yi ta cewa in koma gida. Ban koma ba.

Ganina da shi na ƙarshe, makon jiya ne. Ciwon suga ya kwantar da shi, ya rame, gani ma ya ragu. Na tura kekena har ƙofar ɗakinsa na yi sallama. Shiru. Na jira. Na sake. Shiru. Na yi ta uku, sai na ji wata 'yar dariya can ƙasa-ƙasa.

"Shigo, Ɗan Dutse. Ka ji yadda ake ji ko?"

Shekara da shekaru yana ajiye da ramuwar nan, tsohon nan.

Na zauna gefen katifarsa, ya riƙe hannuna. Ya tambaye ni ko yaran yanzu sun san akwai ƙuryar ɗaki a bayan wayoyinsu. Na ce sun fi mu sani, Malam. Ya ce, "To ka gaya musu su riƙa rage wa juna dodanni." Da zan tafi ya ce in dawo masa da tumatirin Gagarawa, na gwangwani ya ishe shi. Na ce ranar kasuwa. Ban kai ba.

Ɗazu na je gidan. Kafin in iso an riga an ɗauke shi zuwa maƙabarta, kuma kekena ba ya shiga yashin hanyar can. Na jira har suka dawo. Na yi wa maza gaisuwa a waje, na bi simintin nan da ya zuba mini na shiga ciki, har ƙofar ɗakinsa. Labulen yana sake. Takalminsa yana nan a bakin ƙofa, an jera shi.

Na yi sallama. Na jira. Na sake. Na yi ta uku.

Nura ya dafa kafaɗata ya ce, "Baba, ka shiga mana, ai ɗakinka ne."

Na ce, "A'a Nura. Mai ɗaki bai amsa ba."

Na juya kekena na dawo gida, kuma ba da fushi ba.

Zuciyata ta karye, jama'a. Ban san wanda zai zauna kan bencin nan gobe ba.

Allah ya jiƙan Malam Sabo, ya yafe masa, ya ba iyalinsa haƙuri, ni ma ya ba ni. Musulmin da ke karanta wannan, don Allah ku yi masa addu'a yadda addininsa ya tanada, kun fi ni sanin kalmomin. 'Yan'uwana Kirista, ku sa Nura da mahaifiyarsa da ƙannensa a taku.

Ni tawa guda ɗaya ce. Ya Allah, yau bawanka Sabo yana tsaye a bakin ƙofarka, kuma ka san halinsa, ba zai ɗaga labule da kansa ba. Kada ka bar shi ya kai ta uku.