Ramin Wasiƙa da Wankan Jegon Inna

Kwanan baya ina wucewa ta wata tsohuwar unguwa a nan Lyon, sai na ji ƙarar wani ɗan marfin ƙarfe ya buga a jikin ƙofa, ƙas. Mai raba wasiƙu ne ya tura takarda ya wuce abinsa. Ni kuwa na tsaya cak a kan titi, don ƙarar ta mayar da ni gidanmu na Saint-Denis, a bayan birnin Paris, cikin shekarun 1980, lokacin ina 'yar makarantar firamare.

Gidan tsohon shago ne da aka mayar wurin kwana, ƙofarsa a bakin titi take. A tsakiyar ƙofar akwai wata tsaga mai tsawon tafin hannu, inda ake zuro wasiƙa ta faɗo cikin gida. Marfinta ya daɗe da saki, iska kaɗan ke ɗaga shi. Daga ƙofar kuma wani siririn lungu ne ya miƙe sak har ɗakin Inna. Duk iskar da ta shigo ta ramin nan ba ta ratse ko'ina, kai tsaye take zuwa gadon mahaifiyata. Mun saba da ita. Baba, wanda sana'arsa sayen shadda da atamfa ce yana aikawa gida, yakan ce ai ita ce ke sabunta numfashin gidan.

A tsakiyar wani hunturu mai tsanani Inna ta haifi ƙanena, Kaka, mahaifiyar Inna, kuma ta iso daga Maraɗi don yi mata wankan jego. Wanda bai san al'adar ba, ga ta a taƙaice: mace idan ta haihu, sai ta yi kwana arba'in ana yi mata wanka da tafasasshen ruwa da ganye, tana shan kunun kanwa mai zafi, ana tsare ta daga abu ɗaya tak, wato sanyi. In sanyi ya shige ta, in ji tsofaffi, ta gamu da ciwon da zai bi ta har tsufa. To wannan aikin ne aka ɗauko tsohuwa daga Maraɗi aka kawo ta ta yi a ƙasar da ruwa ke daskarewa a kwata.

Akwatinta babu tufafi sosai. Gero ne, da kanwa, da yaji, da busasshen ganye a ƙulle cikin tsumma. Kafin ta huta ta mamaye madafa. Tagogi suka yi gumi, fentin silin ya fara ɓarewa, gida ya koma kamar cikin tukunya. Washegari da safe tana ratsa lungun nan da bokitin ruwan zafi, sai ta tsaya. Ta dubi idon sawunta. Ta ajiye bokiti, ta saki gefen gyalenta, ta ga inda ya karkata, ta bi shi a hankali har ta isa ƙofa. Ta sa yatsa ta ɗaga marfin, ta leƙa, ta hango ƙafafun masu wucewa.

A nan ya kamata in bayyana wani abu. Tsakanin Kaka da Baba akwai kunyar surukuta, ba sa haɗa ido, ba sa doguwar magana kai tsaye. A Maraɗi wannan ba wuya, gida na da faɗi. A lungun da mutum biyu ba sa giftawa sai sun goga kafaɗa, ni ce na zama faɗin gidan. Suna tsaye kusa da juna, kowa na kallon bango, ni ina tsakiya.

"Ke 'yar Faransi," in ji Kaka, "tambayi mahaifinki, wa ya huda masa ƙofa?"

Baba ya durƙusa kaɗan. "Gaya wa Hajiya haka ake yin ƙofofin ƙasar nan. Ta nan wasiƙa ke shigowa."

"Gaya masa ban zo wankan wasiƙa ba. In an yi suna ramin nan na nan, zan ɗauki 'yata da jaririnta mu tafi gida, ta ƙarasa wanka inda ƙofa ƙofa ce."

Ba ta ɗaga murya ba, shi ya sa muka san da gaske take. Baba ya san matan da suka tafi wankan gida da jariri a goye, suka dawo yaron na gudu da ƙafarsa. Ni kuma na san abin da ke jirana in Inna ta tafi, domin na ɗanɗana shi kwanakin da take asibiti: shinkafa da kifin gwangwani, safe da yamma.

Baba ya fara da jarida. Ya nannaɗe ta ya cusa a ramin, ya koma baya yana duban aikinsa. Da hantsi muka ji motsi, sai ga jaridar ta faɗo cikin gida, wasiƙa na biye da ita. Ya gwada tsofaffin safa, su ma haka. Ya kafa tawul da ƙusa, iska ta riƙa ɗaga shi kamar tuta. Kowace safiya mai raba wasiƙu, wanda ba mu taɓa ganin fuskarsa ba, yana rushe abin da Baba ya gina, ba da mugunta ba, da irin naciyar ma'aikacin da aka ce masa ga rami, ga wasiƙa.

Ana gobe suna Baffa, ƙanen Baba, ya iso daga Lyon. A can yana zaune a saman wani dogon bene a unguwar Minguettes, kuma bai gaji da sanar da mu cewa iska ba ta iya hawa har wurinsa ba. Ya fito da faffaɗan salatif irin wanda suke ɗaure kwalayen kaya da shi, ya liƙe ramin ciki da waje, ya ce, "Yaya, ka huta. Wannan har Kwatanu yake kai kaya bai saki ba." Da safe, baƙi na cin naman suna, muka ji ana kankare ƙofa a hankali. Mai raba wasiƙun ya sa makulli ya yanka salatif ɗin tsaf, ya zuro tallar wani kantin kujeru.

Kaka ta miƙe. Ta shiga ɗaki ta fara ninke zannuwan Inna tana jerawa a akwati. Baba ya kasa cin naman ragonsa.

Washegari babu makaranta. Na fito na tarar da Kaka zaune a kujera 'yar tsugune a bayan ƙofa, ta tokare marfin da muciya. Ta ce tana so, kafin ta tafi, ta ga mai wannan hannun. Da lokacinsa ya yi, marfin ya motsa, ta danne. Aka tura, ta danne. Can sai ga yatsu uku cikin safar hannu sun kutso ta gefe, Kaka ta sauke musu muciya. Aka yi wata ƙara a waje, da kalmomin da malamarmu ta hana mu faɗa. Kaka ta miƙe ta buɗe ƙofa.

Wani dogon Bature ne siriri, da hular aiki da jaka, yana yarfa hannu. Ya ce ya ɗauka kare ne.

"Gaya masa," in ji Kaka, "gidan nan akwai mai jego. Namiji baligi ya riƙa zuro hannu gidan mutane kullum, ba sallama, ba barka da arziki? Ba shi da manya ne?"

Na fassara gwargwadon iyawata. Ya ce aikinsa ke nan, kuma yana da sauran titi a gabansa. Amma Kaka ta daina sauraro, kallonsa take. Hancinsa ja wur yana ɗiga, leɓɓansa sun tsage, gashin bakinsa da ƙanƙara.

"Wayyo, wannan ai shi ma sanyin ya gama shige shi. Ɗebo masa kunu."

Ya karɓi kofin don ladabi. Kurɓar farko yaji ya sa shi hawaye, ya yi tari, ya dube mu kamar zai kira 'yan sanda. Sai kuma ya shanye, ya miƙo kofin yana duban ko akwai saura. A bakin ƙofar aka ƙulla yarjejeniya: ba zai sake taɓa ramin ba, zai ƙwanƙwasa, a gaisa, ya miƙa wasiƙa hannu da hannu.

Da yamma Baba ya ɗauko buzunsa na salla da ya zo da shi tun daga gida, ya yanki gefe guda, ya ninka, ya buga shi a kan ramin da ƙusoshi. Kaka ta zo da gefen gyalenta ta gwada. Bai motsa ba. Ta koma ɗaki ta fara fitar da zannuwa daga akwati.

Sai dai gaisuwar Kaka ba ta gaggawa ba ce. Kowace safiya ƙofa a wangale, ana ina kwana, ina gajiya, ina sanyi, ina iyali, ina mai ɗakinka, yaya ƙafar mahaifiyarka, mai raba wasiƙun kuma yana amsa duka da "lahiya lau" ɗin da ya koya, yana hura kununsa. Kafin a rufe, iskar Paris gaba ɗayanta ta shigo ta zauna. Labule na tashi, kalanda na faɗowa daga bango.

Baba ya daure har ya kasa. "Gaya wa Hajiya, cikin ladabi, sanyin da ke shigowa yanzu ya ninka na ramin."

"Gaya masa iska iri biyu ce. Wadda aka buɗe wa ƙofa baƙuwa ce, ana ganinta, a ja bargo. Wadda ke saɗaɗowa ta rami ɓarauniya ce, ita ce ke shiga ƙashi."

Baba ya buɗe baki. Daga cikin ɗaki, ƙarƙashin barguna, muka ji muryar Inna: "Malam, akwatin fa ba a mayar da shi saman kabad ba."

Baba ya dube ni. Sannan ya ce, "Gaya wa Hajiya ban taɓa lura da wannan bambancin ba. Allah ya ƙara girma."

Inna ta yi arba'in ɗinta a Saint-Denis lafiya ƙalau. Baba ne ya kwashi mura har bazara, Kaka kuma ta tabbatar masa ragowar iskar ramin ce da ta daɗe a jikinsa.

Yau Kaka da Baba duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya ji ƙansu. Gidajen yanzu ƙofofinsu kamar murfin firji suke, akwatunan wasiƙa kuma suna can ƙasa, ba wanda ya san fuskar mai zubawa. Bara 'yata ta haihu, na tafi da kanwata da gerona. Surukina yaron kirki ne, yana kallon idona yana ce mini Mama, ba ma bukatar kowa a tsakani. Na zaga gidan nan da gefen gyalena, ƙofa, taga, har ƙarƙashin wurin wanke kwano, ko zare ɗaya bai motsa ba. Na zauna ina tunanin kakar da ta zo wankan jego ba ta da abin da za ta tayar wa suruki da hankali a kansa. Da ya dawo daga aiki ya tambaye ni ko komai ya yi daidai, sai na ce wa 'yata, "Gaya wa mijinki gidan nan ya cika zafi."