Ƙwan Fitilar da ke Cikin Fiyanon Anti Noeline

Laraba ce ta tsakiyar watan Mayu, ranar da damina ta sauka a Colombo da gaske. Tun asuba ake zuba ruwa, kwatocin unguwar Kotahena suka cika suka tumbatsa. Da ƙarfe bakwai Anti Noeline Jansz ta sauko daga bas da baƙar lemarta, kamar yadda take yi kowace safiya shekara talatin da huɗu. Ta buɗe ƙofar gefe ta ƙaramin cocin da ke bayan tashar bas, ta cire takalmi, ta wuce kai tsaye wurin fiyano. Ba ta kaɗa shi da safe. Durƙusawa take yi ta ɗora tafin hannunta a katakon ƙasan fiyanon kamar mai duba zazzaɓin jariri. Daga nan ta leƙa gwangwanayen kananzir da ƙafafunsa ke ciki saboda gara, sannan in Laraba ce ta ɗauki alli ta rubuta a allo sunan wanda zai yi kiɗan ranar. A wannan safiyar ta fito da allon za ta jingina shi a bakin ƙofa, santsi ya kwashe ta a matakala ta biyu, ƙashin kwatangwalonta ya karye.

Ina wannan rubutu ne saboda ran Asabar mai zuwa za ta bar Colombo, ta koma wurin 'yar ɗan'uwanta a garin Kurunegala. Ba a shirya mata taro ba, kuma na san ba za a shirya ba, don ita kanta za ta hana.

Wanda bai taɓa cin abincin rana a cocin nan ba, ga abin da ya wuce shi. Kowace Laraba da sha biyu da rabi ana buɗe ƙofofi uku duka. Ana kiɗa minti arba'in, ba a ƙara ko ɗaya, don mai aiki ya koma bakin aikinsa kafin maigidansa ya ɗaga kai ya dubi agogo. Ba a karɓar komai, ba a zagayawa da faranti, ba a wa'azi. Ka shigo da ƙunshin shinkafarka da miyar kifi, ka zauna a bencin baya ka ci da hannu, ga famfo a waje ka wanke. 'Yan dako daga kasuwa, kwandastocin bas, 'yan matan banki da takalmansu masu tsini, masu sayar da gurasar roti da suka fito daga sallar azahar, duk benci ɗaya. Wata rana masu goge huɗu ne, wata rana ɗaliban makarantar kiɗa, wata rana makahon da ke busa sarewa a tashar jirgi. Kusan kullum ita ce a kan fiyano tana raka su, in kuma wanda aka gayyata bai zo ba sai ta cike lokacin ita kaɗai.

Ni keke mai ƙafa uku nake tuƙawa. Na bar makaranta tun ina aji tara, na sauya sana'a sau shida, kuma mahaifiyata ta sha cewa ko a jana'iza ba na iya zama. Ruwa na shiga fakewa wata Laraba shekara biyar da suka wuce, na zauna har aka gama. Tun daga ranar Anti Noeline ke kirana sarkin yawo.

Ba ni kaɗai na ga aikinta ba. Ponniah, ɗan dakon da ya fi kowa daɗewa a bencin baya, ya ba ni labarin shekarar da kwamitin coci ya ce a daina cin abinci a ciki, wai warin miya na kama labule, kuma a riƙa sayar da tikiti don a samu mutanen kirki. Anti Noeline ba ta yi musu da su ba. Da Laraba ta zagayo sai ta zo da nata ƙunshin shinkafar, ta zauna kusa da Ponniah ta cinye a gaban shugaban kwamitin, ta wanke hannu ta hau fiyano. Ba a sake tayar da maganar ba. Ya kuma ce a shekarun tashin hankali, lokacin da kowa ke gudun taro, akwai Larabar da mutum uku kawai suka zo. Ta kaɗa musu minti arba'in cif, da ta gama ta rusuna musu kamar cocin a cike yake. Makahon nan mai sarewa, da ƙafarta ta je tasha ta roƙe shi, ta tsaya yana zaginta yana cewa shi ba ya yi wa 'yan coci busa, har ya gaji ya biyo ta.

Ke ce kike rubuta wa makaɗa wasiƙa da hannu, Anti, kina bin su gida-gida har sai kunya ta kawo su. Ke ce kika san wanda ya rasa aiki daga yadda ya zauna, ki aika masa da shayi ba tare da kin tambaye shi ba. Uwar Laraba muke ce miki a bayan idonki.

Akwai abu ɗaya da duk muka sani game da fiyanon, muka kuma ɗauka mun fahimta. A cikinsa, can ƙasa, akwai ƙwan fitila da ke ci dare da rana. In ka sunkuya za ka ga haskensa ja-ja ta tsagar katako. Mu mutane ne masu kunna fitila. Mahaifiyata na kunna ta man kwakwa a gaban Buddha, Ponniah na kunna tasa a haikali, 'yan coci na kunna kyandir. Don haka ba wanda ya tambaya. Kowa ya ɗauka alwashi ne ta yi, wasu na cewa don mahaifinta da ya bar wa cocin fiyanon, wasu na cewa don wani saurayi da bai dawo daga teku ba. Ba a tambayar mutum alwashinsa.

Da aka kwantar da ita a asibiti, kiɗan Laraba ya tsaya, tunda ba wanda ya san inda makaɗan ke zaune sai ita. Muka riƙa zuwa dubiya. Duk wanda ya shiga, kafin ya ajiye ayabar da ya kawo, tambayarta ɗaya ce, ko ƙwan yana ci.

"Haba Anti," in ji Ponniah, "mutum ya baro kasuwa ya zo gaishe ki, ke kuma ƙwan fitila kike gaisarwa. Ni ba na ci ne?"

"Kai ai cinka ya yi yawa," ta ce. "Je ka ka duba mini."

Yaya Anton ne mai kula da cocin, shi ke shara da kulle ƙofa, mutum ne da ba ya wasa da amana. A mako na biyu ƙwan ya ƙone. Ko awa guda bai bari ba, ya ruga kantin kayan wuta cikin ruwa. Mai kanti ya ce irin wannan tsohon ƙwan an daina kawo shi, ya ba shi na zamani, fari tas, ya ce zai shekara goma yana ci kuma ba ya zafi ko ka riƙe shi da hannu. Yaya Anton ya dawo yana murna, ya ce alwashin Anti ya samu fitilar da ba za ta mutu ba. Da ya ga rufin coci ya fara yoyo, sai ya samo babbar leda ya lulluɓe fiyanon ruf, ya ɗaure da igiya, ya bar 'yar kafa a ƙasa don a riƙa ganin hasken. Bai faɗa mata an sauya ba, don kada ta ji cewa fitilarta ta taɓa mutuwa tana kwance.

Ni ma ta tambaye ni. Na ce yana ci, Anti, na gani da idona. Na buɗe baki zan ƙara da cewa ya ma fi da haske, sai mai jinya ta shigo da allura aka ce mu fita. Na fita na kama gabana. Na sha tuna wannan ƙofar asibitin.

Mako goma sha uku ta yi, tsakanin asibiti da gidan jinya. Duk daminar nan aka yi ta a kan fiyanon da ke cikin leda.

Ni na ɗauko ta a kekena ranar da ta dawo, Laraba ce a watan Agusta. Labari ya bazu, coci ya cika har bakin ƙofa, kowa da ƙunshinsa a hannu. Makahon ma ya zo da sarewarsa ba wanda ya kira shi. Yaya Anton ya sa farar riga, ya kwance igiya ya yaye ledar. Wani wari ya taso, irin na tsohon ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba. Anti Noeline ta tako da sandar ƙarfenta mai ƙafa huɗu. Ba ta iya durƙusawa yanzu, sai ta dafa kafaɗar Ponniah ta sunkuya iyakar iyawarta, ta ɗora tafin hannu a katakon ƙasa. Ta daɗe a haka. Ta ga farin hasken ta tsaga, ta ɗago.

Ta zauna ta buɗe murfi, ta danna madanni ɗaya. Ya nutse bai dawo ba. Ta danna na kusa da shi, ya yi wani sauti kamar an buga cokali a jiƙaƙƙen kwali. Ta bi su tun daga hagu har dama, ɗaya bayan ɗaya, ba ta tsallake ko guda ba, mu kuma muna tsaye ba mai motsi.

"Anton," ta ce, "ina tsohon ƙwan?"

Ya faɗa mata komai, har da maganar mai kanti cewa wannan ba ya zafi.

"Zafin nake nema, ɗana. Ba hasken ba. Shi ke busar da cikinsa."

Yaya Anton, mai shekara hamsin da 'ya'ya huɗu, ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da hular da ke hannunsa. Ya ce shi ya ɗauka alwashi ne. Ponniah ya ce duk haka muka ɗauka.

"Alwashin me? Ni da ko azumin coci ba na kammalawa." Ta yi 'yar dariya wadda ba ta kai ko'ina ba. Sannan ta miƙa hannu ta dafa kansa. "Tashi. Abin da ka fahimta ka riƙe, ka kuma riƙe shi da kyau. Shekara talatin da huɗu ina da baki ban faɗa ba."

Ta juya ta dubi agogon bango, ta ce mutane sun baro aiki kuma an riga an ci musu minti goma, a ba mai sarewa kujera. Ya busa, muka ci abinci kamar muna tauna takarda. Ita tana zaune a gaban fiyanon hannayenta a cinya, yatsunta na motsi kaɗan-kaɗan a kan zanenta. Da ƙarfe ɗaya da minti goma ta ce a tashi.

Washegari na kai ta ta ɗauko tsohon mai gyaran fiyano daga garin Moratuwa. Ya buɗe cikinsa ya haska, ya shafa funfuna da yatsa, ya ƙwanƙwasa babban katakon baya ya saurara. Ya ce da wata guda kawai ya yi cikin danshi da ya gwada, amma gam ya saki ko'ina kuma katakon da ke ba da amo ya tsage, ko an ɗinke shi ba zai sake magana da muryarsa ba. Ta yi masa godiya ta ba shi shayi. A hanyar dawowa, da muka kai gada, ta ce in rage gudu, ba kifi na ɗauko ba.

An gwada Laraba biyu ba fiyano. Masu goge suka ce ba mai raka su, ɗalibai suka ce jarrabawa ta matso. Likita ya hana ta hawa bas, ba ta iya bin kowa gida. Kwamiti ya ce zai duba lamarin.

Mun gode, Anti Noeline. Ke ce kika buɗe wa ɗan dako ƙofa ya ji abin da ake cewa ba nasa ba ne, kika bar shi ya ji da shinkafa a hannu. Ba ki taɓa tambayar wani addininsa ba kafin ki nuna masa benci. Allah ya ƙara miki lafiya, ya sa ƙafar ta ɗauke ki.

Ku kuma masu karatu, in akwai wani coci ko zaure ko ɗakin taro a unguwarku da ke kulle da rana, ku nemi makulli ku buɗe, ku kira mai kiɗa ko da ɗaya ne, kada ku karɓi komai a ƙofa. In kuma kuna da tsoho ko tsohuwa mai yin wani abu kullum ba fashi, ku ajiye kunya ku tambaye su dalili tun suna kusa. Mu mun girmama ta har muka kasa yi mata tambaya guda.

Mai gyaran ya rubuta abin da ya gani a takarda, tana hannun Yaya Anton. Madannai tamanin da takwas ne, talatin da ɗaya ba sa tashi. Wayoyi goma sha huɗu sun tsinke, sauran sun yi tsatsa. Katakon baya ya tsage wuri biyu. Daga watan Mayu zuwa yau Laraba ashirin da uku sun wuce, uku kawai aka yi kiɗa. Ranar da ta dawo mun kai mutum ɗari da ashirin. Larabar jiya na leƙa, mutum biyu na tarar a bencin baya suna cin abinci.