Idon Da Matar Ɗana Ta Sa Mini A Kicin

Ku matso kusa, 'yan'uwana masu karanta wannan shafi, akwai maganar da ta daɗe tana cin raina. Ni tsohuwa ce mazauniyar Makka. Da ƙuruciyata maigidana ya kawo ni daga Kano, muka zauna a unguwar Jarwal har Allah ya yi masa rasuwa, sannan ɗana na fari ya ɗauke ni zuwa gidansa a Ka'akiyya. Karatuna bai yi nisa ba, yawo kuma bai dame ni ba, kicin ne fadata. Amma kunne kam Allah ya ba ni. Ina soya albasa ana hira a falo, sai in gaya muku wanda ya yi magana da irin muryar da ya yi ta.

Matar ɗana haihuwar nan ce, 'yar unguwar Zahir. Iyayenta Hausawa ne, amma ita Larabci ne a bakinta, saboda ni kaɗai ta dage da koyon Hausa. Takan ce ta sha tuwo ko ta ci kunu, in yi dariya in gyara mata, ita ma ta tuntsire. Haka muke har shekarar da aka tashi gyaran kicin. A lokacin idona ya fara hazo, ban kuwa gaya wa kowa ba, don na san halin ɗana: yana ji zai ce in huta, a karɓe mini wuƙa da ludayi. Fitilar rufi tana bayana, inuwata ta faɗa kan abin da nake yankawa, da lalube nake aiki. Mai ɓoye abu kuwa, kowa ya kalle shi sai gabansa ya faɗi.

Wata rana ina ninke kaya sai na jiyo ta a waya da mai gyaran wuta, murya ƙasa-ƙasa. Kalma biyu na tsinta. Ta ce tana son mahfi, wato ɓoyayye, a maƙala shi a ƙasan kabad, kuma daidai inda Umma take tsayawa. Na ajiye wannan a raina. Da mutumin ya zo da samfuri, siraran fitilu kamar zare, ɗaya mai ruwan ɗorawa irin na otal-otal ɗin gefen Harami, ɗaya fari fat kamar na asibiti, aka ce in zaɓa. Na nuna mai ruwan ɗorawa. Yarinyar da ba ta taɓa musu da ni ba ta kafe sai fari. Na ce a sa makunni a bango, ta ce a'a, mai kunna kansa ya fi. To in kin riga kin zaɓa, me ya sa aka kira ni?

Ranar da aka gama ta kamo hannuna ta miƙa shi ƙasan kabad, haske ya tashi. Ta nuna mini wani baƙin ɗigo kamar ƙwayar masoro, tana murmushi ta ce: "Umma, mun sa miki ido. Kina motsi zai gan ki."

Ku da kuka san Hausa kun san abin da na ji. A gidan ɗana, a sa mini ido! Na liƙe ɗigon da salatif, fitilar ta daina ci, na koma lalubena. Ta ɗauki waya sai in ce ni take kallo. Ta yi wa mijinta raɗa sai in ce rahoto ne: na zubar da mai, na sha shayi da sukari, na tsufa. Na daina gyara mata Hausa, na daina ba ta ɗanɗanon miya. Mafi muni, a wani biki a Jarwal na gaya wa ƙanwata cewa an kafa mini kyamara a kicin. Ta rantse ba za ta faɗa ba. Kun san zaman Hausawan garin nan, kafin a wanke tukwanen bikin magana ta isa Zahir.

Mahaifiyar matar ɗana ce ta zo da kanta bayan la'asar, ta zaunar da mu har da ɗana, ta ce wa 'yarta ta maimaita abin da ta faɗa, amma da Larabci. Ashe ɗigon nan mai jin motsin hannu, shi mai gyaran wuta yake kira ain, wato ido da Larabci, ita kuma ta juya mini shi da Hausa don ta faranta mini. Uwar ta tambaye ta dalilin fari, da dalilin ɓoyewa. Ta sunkuyar da kai ta ce ta sha ganin jini a katakon yanka albasa, da ni ina naɗe yatsa a gefen mayafi. Ta gane idona ne, ta kuma san in mijinta ya ji zai fitar da ni daga kicin, shi ya sa ba ta gaya masa ba. Fari ya fi nuna bakin wuƙa da tsakuwar shinkafa. Mai kunna kansa kuma don kada in yi ta neman makunni a gaban mutane. Asirin da nake tsoron ta tona, ita ta rufa mini shi, ni ce na sa aka bankaɗo shi a gaban ɗana.

Na ba ta haƙuri, ta ce ba komai. An yi mini aikin ido, har yau ni nake girki a ƙarƙashin farin hasken nan. Tana gaishe ni, tana yi mini hidima, amma da Larabci tsantsa. Tun ranar ba ta sake yi mini Hausa ba, ko kalma ɗaya. Kullum ina kasa kunne ko zan ji ta ce ta sha tuwo.

Abin da na gane shi ne jin magana daban, fahimtarta daban. 'Ya'yanmu na nan da bakin aro suke mana Hausa, in kalma ta soke ku, ku ce su maimaita kafin ku kai ta gidan biki. Ni dai ga inda nake. Ku gaya mini, wanda ya koyi harshenki don ƙaunarki, kika kama shi da harshen, da wace kalma za ki roƙe shi ya sake buɗe baki?